Abubuwan da ke ƙara wa yara rashin hangen nesa

Rashin hangen nesa, wanda likitoci ke kira miyopi, larura ce da yaro ke ganin abin da ke kusa sarai, amma na nesa ya yi masa dishi-dishi. Dalili shi ne ƙwayar ido ta yi tsawo fiye da kima. Tunda ido na girma tare da yaro, larurar kan ƙaru har wajen shekara 20.

Abubuwa huɗu ne suka fi jawo ƙaruwarta. Na farko gado: idan uwa da uba duk suna da ita, haɗarin ya fi yawa. Na biyu farawa da wuri, domin wanda ta kama kafin shekara 8 ya fi saurin tsananta. Na uku daɗewa ana kallon abu kusa da ido, littafi ne ko waya. Na huɗu ƙarancin fita cikin hasken rana.

Biyun ƙarshe suna hannunmu. A New Bell da sauran unguwanninmu na Duwala gidaje a cunkushe suke, filin wasa ya yi ƙaranci, ruwan Yuli da Agusta kuma yakan tsare yara a ɗaki. Yaro ya yini a boko, ya wuce Islamiyya, da dare ya rungumi waya. A biranen Sin da Koriya ta Kudu, inda karatun cikin ɗaki ya yi yawa, kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari na masu gama sakandare suna da larurar. Ganin haka Taiwan ta fara fitar da ɗalibai waje awa biyu kullum tun 2010.

Idan larurar ta tsananta, tana iya kai wa ga ɓallewar tantanin bayan ido, ko hawan jinin ido, ko yanar ido da wuri.

Saboda haka mu bar yara su samu awa biyu a waje kullum, ko da a inuwa ne. Littafi ko allo ya yi nisan santimita 30 daga ido, kuma bayan kowane minti 20 yaro ya ɗaga kai ya dubi nesa. Malamai su lura da mai ƙanƙance ido in yana duban allon aji. A kai shi awon ido, kamar a asibitin Laquintinie. Tabarau na likita ba ya lalata ido. Hana yaro sawa ne ke cutar da karatunsa.

Ido amana ne. Allah Ya kare mana zuriyarmu, amin.