Daga Ruwaƙin Barnawa Zuwa Hayyul Ashir: Tsohuwar Damuwar Baƙo a Alƙahira



A hunturun bara muka binne wani dattijonmu a nan Alƙahira. Jinya ta kawo shi daga Katsina tare da ɗansa, kwana goma sha biyu da saukarsu Allah ya karɓi abinsa. Ni na yi musu tafinta a asibiti, don haka ni aka fara kira da asuba. Kafin azahar tambayoyi sun yi mana rubdugu. A kai shi gida ko a rufe shi a nan? Wa zai biya ragowar kuɗin asibiti? Mai gidan da suka kama haya yana jiran cikon wata, ɗan marigayin kuwa bai iya Larabci ba, guzurinsa kuma ya ƙare. Da karo-karo ta WhatsApp Allah ya rufa mana asiri, amma sai da muka kwana biyu muna buga waya.

Muna dawowa daga maƙabarta na tuna da wani Bakatsine da ya rasu a wannan birni tun 1741. Shi ya sa na koma ga littattafan tarihi, sai na tarar abubuwan da ke hana mu barci yau, wato masauki da kuɗi da kaɗaici da mutuwa a baƙon wuri, su ne suka hana magabatanmu barci. Ga kaɗan daga abin da na tsinto.

Masauki kafin komai

An kafa Alƙahira a 969, aka kammala ginin masallacin Azhar a 972. Shekaru aru-aru mahajjatanmu da suka keto hamada a birnin suke yada zango, su jira ayarin da zai wuce Makka.

Masanin tarihin Masar, Maƙrizi, wanda ya rasu a 1442, ya ba da labarin wata makaranta a Fusɗaɗ, tsohon sashen birnin, mai suna makarantar Ibn Rashiƙ. Ya ce mutanen Kanem da suka zo kan hanyar hajji a shekarun 640 na Hijira, wato tsakanin 1242 da 1252, su suka damƙa wa alƙali Alamuddin Ibn Rashiƙ kuɗi ya gina ta, ya kuma koyar da fiƙihun Malikiyya a ciki. Ya ƙara da cewa kusan kowace shekara suna aiko mata da kuɗi daga gida. Masana suna danganta aikin da zamanin Mai Dunama Dabalemi. Ku duba fa, kusan shekara 800 da suka wuce, makwabtanmu na gabas sun gane cewa ɗalibi da mahajjaci ba su da kwanciyar hankali sai sun san inda za su kwana, kuma mutanen gida ne ke riƙe wa na waje wannan rumfa.

Daga baya Azhar kanta ta raba ɗalibanta ruwaƙi-ruwaƙi, kowace jama'a da sashenta: na mutanen Magrib, na Turkawa, na mutanen Sinnar, na Jabarti, na Dakarna, da kuma Ruwaƙin Barnawa. Kowane ruwaƙi yana da shehinsa mai kula da rajistar ɗalibai da sasanta rigimarsu. Daga dukiyar waƙafi ake ba ɗalibi jiraya, wato rabon gurasa na kullum. Ba wani abin ƙoshi ba ne, amma mai gurasa da wurin shimfiɗa tabarma zai iya zama gaban malami shekara da shekaru.

Sarkin zinariya ma ya ci bashi

Duk wanda guzurinsa ya taɓa yankewa a Alƙahira, ya kwantar da hankalinsa, yana da babban abokin tafiya. A 1324 Mansa Musa na Mali ya sauka a birnin, zamanin Sarki Nasir Muhammad ɗan Ƙalawun. Ya yi kyauta da sayayya har darajar zinariya ta faɗi. Umari, wanda ya bi diddigin labarin bayan shekara 12, ya ce miskalin da ba ya gaza dirhami 25 ya koma bai wuce 22 ba. Ya kuma faɗi yadda 'yan kasuwar birnin suka riƙa ninka wa baƙin farashi saboda ba su san kan ciniki ba. Wanda dillalin gidaje ya taɓa yi wa kuɗin baƙo, ya san wannan ciwon.

Da Mansa Musa ya dawo daga hajji hannunsa ya bushe, sai da ya ci bashi a wajen attajiran Masar. Ibn Baɗuɗa ya ba da labarin ɗaya daga cikinsu, Sirajuddin Ibn Kuwaik na Iskandariya, wanda ya bi bashinsa har Tambutu, ya rasu a can, ɗansa ya ƙarasa Mali ya karɓo kuɗin. Idan sarkin da ya zo da raƙuma ɗauke da zinariya ya koma da bashi a wuya, ina ga ɗalibin da ke jiran aike daga mahaifi ɗan fansho?

Bakatsinen da ya rasu a gidan aboki

Alaƙar Katsina da wannan birni tsohuwa ce. Shehu Jalaluddin Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, ya rubuta wasiƙar nasiha ga sarakunan ƙasashenmu, cikinsu har da Sarkin Katsina Ibrahim da Sarkin Agadas. Amma wanda labarinsa ya fi taɓa ni shi ne Malam Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkashinawi.

A Katsina ya tashi, ya yi karatu a wajen malaman ƙasarmu da na yankin Barno, sannan ya kama hanyar hajji wajajen 1730. A 1732 ya rubuta littafi kan hatimin lissafi, irin wanda ake jera lambobi a gidaje uku-uku, ko biyar-biyar, ko bakwai-bakwai, kowane layi ya ba da jimla ɗaya. Har yau masu tarihin lissafi a Afirka suna ambatonsa. Cikin littattafansa akwai Durrul Manzum da Bahjatul Afaƙ. Daga Hijaz ya zo Alƙahira, ya sauka a gidan Shehu Hasan Jabarti, ɗaya daga manyan malaman Azhar na lokacin, wanda ya ɗauki ilmin hatimi a wajensa.

A gidan nan ajali ya same shi a shekara ta 1154 ta Hijira, daidai da 1741. Ɗan mai gidan, Abdurrahman Jabarti, shahararren marubucin tarihin Masar, shi ya adana mana labarin, ko da yake an haife shi ne fiye da shekara goma bayan rasuwar. Ya ce malamin ya naɗa mahaifinsa wasiyyi a kan abin da ya bari da littattafansa, mahaifin kuma ya binne shi a maƙabartar da ake rufe ɗaliban Azhar, ya rubuta sunansa da shekarar rasuwarsa a kan kabarin.

Abu biyu na lura da su. Na farko, gidan Jabarti su ma asalinsu baƙi ne, kakanninsu daga yankin Habasha suka zo, kuma su ke riƙe da shugabancin ruwaƙin mutanensu a Azhar. Jikan baƙo ne ya sauki baƙo. Na biyu, Malam bai bar al'amarinsa a hannun tsautsayi ba. Ya zaɓi amintacce, ya faɗa masa abin da ya mallaka tun yana da rai. Dattijonmu na bara, Allah ya jiƙansa, ko lambar sirrin katin bankinsa babu wanda ya sani.

Zamanin Bu'us da namu

A 1959, zamanin Jamal Abdunnasir, aka buɗe Madinatul Bu'us a unguwar Abbasiyya don ɗaliban Azhar 'yan ƙasashen waje. Ita ce magajiyar ruwaƙi: ɗaki da abinci da ɗan alawus ga wanda ya sami gurbin tallafi. Dokar 1961 ta shigo da fannoni irin su likitanci da injiniya cikin Azhar, aka kuma buɗe wa mata nasu sashen. Malamai da alƙalai da yawa na Arewa da Nijar ta wannan ƙofa suka bi.

Ni a 2014 na zo, ban sami Bu'us ba, sai muka haɗu mu shida muka kama gida a Hayyul Ashir, can Madinatu Nasr. Ful da ɗa'amiyya da safe, kushari da rana, tuwo sai ranar da wani ya dawo daga gida da kuka da daddawa. A Nuwambar 2016 aka saki fam ɗin Masar, dalar da ba ta kai fam 9 ba ta haura 18 cikin 'yan makonni. A Maris na 2024 aka sake, daga wajen 31 zuwa kusan 50. Sai mutum ya zaci mai karɓar aike daga waje ya ci riba, to amma naira ma ta faɗi warwas tun daga Yunin 2023, kayan masarufi a nan kuma suka yi tashin gwauron zabi. Yaƙin Sudan da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya kwararo da jama'a birnin, kuɗin haya ya bi sama. Mahaifi yana aiko da adadin da ya saba, yana ganin ya sauke nauyi, yaro kuma yana jin nauyin ya ce bai isa ba.

Takardar zaman ɗalibi ba ta ba shi damar aiki, don haka kowa da 'yar dabararsa. Wani yana tafinta ga majinyata, wani yana sayo abaya da jallabiya a Ataba da Muski ya aika gida, wani littattafai daga Darbul Atrak, lungun da ke bayan Azhar. Sana'ar halal ce, amma na ga wanda ta janye daga aji har shekara huɗu ta koma tara. Ga sabunta takardar zama, wanda ni kaina na sha yin sammako a layi in dawo ba a kai kaina ba.

Batun aure ma yana nan. Bu'us masaukin ɗalibai ne, mai iyali sai ya kama haya a waje. Wanda ya bar matarsa a gida, aurensu ya koma na waya. Wanda ya kawo ta, sau da yawa takan wuni ita kaɗai a hawa na biyar, ba harshe ba dangi, ranar haihuwa kuma babu uwa babu gwaggo. Matan ɗalibai da ke zagayawa suna yi wa juna wankan jego da girki, Allah kaɗai zai biya su.

Roƙona ga ƙungiya

Mutanen Kanem ba su jira sai an yi rasuwa kafin su tara kuɗi ba. Ina roƙon shugabanninmu su kawo batun asusun gaggawa a taro mai zuwa, wanda na gida da na waje za su riƙa zuba wa abin da ya sawwaƙa duk wata, da ma'aji biyu da bayanin shiga da fita a wannan mujalla. Ina roƙon duk mai zuwa jinya ko karatu ya sanar da reshenmu kafin ya hau jirgi, don a nema masa masauki ba ta hannun dillalin da bai sani ba. Kowannenmu kuma ya rubuta wasiyya, ya faɗi bashin da ake binsa da wanda yake bi, da inda yake so a rufe shi, ya ajiye a wajen amintacce kamar yadda Malam Alkashinawi ya yi. Iyayenmu kuwa, ku riƙa tambayar yaranku nawa ne haya bana, kada ku tsaya a kan lissafin shekara uku da suka wuce. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah ya jiƙan magabatanmu da ke kwance a ƙasar Masar, ya mai da mu gida lafiya da abin da muka fito nema. Amin.