Ciwon hanta nau'in B: Abin da gwajin jini ke nunawa da yadda ƙwayar cutar ke rikiɗa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da ciwon hanta nau'in B wanda ya zauna a jiki. A Nijeriya, binciken ƙasa na 2018 ya gano cutar a jikin kashi 8.1 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 64. Galibin masu ita ba sa jin komai, sai gwajin jini ke bayyana ta.

Alamomin da ake dubawa

Ta farko ita ce HBsAg, wani sinadari daga ɓawon ƙwayar cutar. Idan ya wuce wata 6 a jini, cutar ta zauna ke nan. Anti-HBs kuwa shaidar garkuwa ce, ko daga rigakafi ko bayan warkewa. Anti-HBc na nuna mutum ya taɓa kamuwa, domin allurar rigakafi ba ta haifar da shi. HBeAg kan nuna ƙwayar na hayayyafa sosai, kuma haɗarin uwa ta sa wa jaririnta yana da yawa.

Inda rikiɗa ke ɓatar da sawu

Ƙwayar ba ta gyara kurakuran da take yi wajen kwafar kanta, shi ya sa take yawan sauyawa. Sauyin da ake kira G1896A yana hana ta fitar da HBeAg alhali tana ci gaba da hayayyafa. Sakamako zai nuna babu HBeAg, mai cutar ya saki jiki, hanta kuma tana lalacewa har ta kai ga ƙanƙancewa ko kansa. Wani sauyin ya sa maganin lamivudine kan daina aiki bayan an daɗe ana sha, lamarin da ya sa aka fifita tenofovir da entecavir.

Saboda haka likitoci kan auna yawan ƙwayar a jini, wato HBV DNA, tare da sinadarin ALT mai nuna raunin hanta. Ƙa'idojin Hukumar na 2024 sun ba da shawarar fara magani idan ƙwayar ta haura 2,000 IU a kowace mililita kuma ALT ya hau.

Gwajin gaggawa da aka fi yi a gangamin wayar da kai HBsAg kaɗai yake dubawa. Duk shirin gwamnati da ya tsaya nan ya gano masu cutar ne, bai tantance waɗanda ke buƙatar magani ba.