Farar tawada da shanyar rubutu a ƙasar Shira da Katagum

A tsohon tsarin rubutu na ƙasar Shira, marubucin Alƙur'ani yana aiki ne da tawada kala huɗu: baƙa, ja, rawaya da koriya. Babu fara a cikinsu. Duk farin da ido ya gani a shafi na takardar ne, wurin da alƙalami bai taɓa ba. Farar tawada baƙuwa ce da ta iso tare da sana'ar ɗab'i, kuma ko a can ma ta makara, saboda yadda take kama takarda da yadda take bushewa ya saɓa wa na sauran tawadu.

Shira tana cikin tsofaffin masarautun da ke tsakanin Kano da Barno, ita da Tashena da Auyo, kuma ta daɗe a inuwar Barno kafin jihadi. A farkon ƙarni na 19 Malam Ibrahim Zaki ya haɗa yankin a ƙarƙashin tutar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa garin Katagum, inda Bature Hugh Clapperton ya sauka a 1824 a kan hanyarsa daga Kukawa zuwa Kano. Mulki ya koma fuskantar Sakkwato, amma karatun allo ya ci gaba da fuskantar gabas. Almajirai suna bi ta wannan ƙasa zuwa tsangayun Barno, su dawo da ƙira'ar Warshu da hannun rubutu mai kauri irin na Barebari, da kuma sanin haɗa tawada.

Tawada iri biyu ce, kuma gardi ba ya rikita su. Ta allo ana yin ta da gawayi da aka niƙa lilis, a kwaɓa da ruwa da ƙaro. Zama take yi a bisa katako, don haka idan kolo ya biya karatunsa sai ya wanke a sake masa wani. Ta takarda kuwa ana so ta zauna har jikoki. Ana jiƙa 'ya'yan bagaruwa, irin wadda majema ke jima da ita, a haɗa da kashin maƙera, a dafa, a tace, a zuba ƙaro. Ɗacin bagaruwa da ƙarfe su ne ke haɗuwa su ba da launi. Tana fita daga kurtu da ɗan haske, sai ta sha iska ta ƙara duhu, ta kuma shige cikin zaren takarda yadda ruwa ba ya fitar da ita. Idan ƙarfen ya yi yawa, bayan shekaru sai ta ci takardar, a ga haruffa sun zama huda. Ja ta wasulla ce. Rawaya, wadda mafi kyawunta daga zarniki ake samu, ita ake ɗiga wa hamza, koriya kuma ta alifin wasali.

Takardar da kanta daga nesa take zuwa. A ƙarni na 19 yawancinta ta arewacin Italiya ce, mai tambarin jinjirin wata uku da ake gani idan an ɗaga ta a rana, wadda gidan Galvani ya yi fice da ita. Fatake ne ke ɗauko ta daga Tarabulus su ratsa Sahara zuwa Kukawa da Kano. An shafe fuskarta da wani danƙo tun a masana'anta, saboda haka ba ta tsotse tawada nan take, sai ruwan ya tashi a iska. Wannan ya sa shanya ta zama rabin aikin. Marubuci yana gama baƙin rubutu, ya ajiye warƙa a inuwa, ya ɗauki wata. Sai ta bushe sarai ake komawa da jan alƙalami, daga baya rawaya. Wanda ya yi gaggawa ja zai narka masa baƙi, shafi ya ɓaci. Yanayi ma yana da ta cewa: da hunturu tawada kan daskare a bakin alƙalami kafin a kai ƙarshen kalma, da damina kuma ƙaro yana jan raɓa, warƙoƙi su manne da juna.

Rashin ɗinke littafi ya sauƙaƙa wannan aiki. Alƙur'anin ƙasar nan warƙa-warƙa yake, a haɗa shi tsakanin tadarishi a sa a gafaka, kuma a ƙasan shafi akan rubuta kalmar da ke buɗe na gaba don kada jeri ya ɓace. Kowace warƙa tana iya bushewa ita kaɗai. Idan an yi kuskure, a kankare da bakin aska, ko a gyara a gefe, ko a sake warƙar ɗungurungum. Ba a saba neman farin abu a rufe kuskure da shi ba.

Turawa sun karɓi Katagum a 1903, aka mayar da fadar sarki Azare a 1916. Farin rubutu na farko da yara suka saba da shi na makarantar boko ne, wato alli a baƙin allo, wanda tsumma ke sharewa. Ɗab'i kuwa daga Zariya da Kano ya riƙa shigowa: jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo daga 1939, littattafan kamfanin Gaskiya da aka kafa a 1945, sannan Alƙur'anai da littattafan addini da maɗaba'un Kano ke ɗaukar hoton rubutun hannu su buga dubbai. Tawadar injin da mai ake haɗa ta. Wani kaso takarda ke sha, sauran kuma man ne ke haɗuwa da iska ya taurare a hankali, shi ya sa sabon littafi ke da wari. Ko da aka zo buga hoto mai launi da tawada huɗu, shuɗiya, ja, rawaya da baƙa, farin rawani ko na babbar riga a hoton takardar ce aka bari fili. A wannan fuska injin bai sauya komai daga dabarar alaramma ba.

Wahalar farar tawada a aikinta take. Baƙa rini take yi, ɗan kaɗan ya isa. Fara kuwa sai ta lulluɓe launin da ke ƙarƙashinta, kamar yaɓen farar ƙasa a jan bango, don haka tana buƙatar gari mai yawa da kauri. Turai ta daɗe tana amfani da farin dalma, mai guba ne kuma yakan yi baƙi da tsufa. Farin tutiya ya biyo baya amma ba ya rufewa sosai. Wajen 1920 aka fara sarrafa farin titaniyam da yawa a Norway da Amurka, shi ne kuma ke cikin kusan kowace farar tawada a yau. Ta hanyar ofis ma ya shiga hannun jama'a, a 'yar kwalbar Tipp-Ex ta Jamus da a zamanin tafireta akawu ke shafa wa kuskure yana hura mata iska.

A shagunan ɗab'i na Azare, inda mutanen garuruwan Yana da Shira ke kai aikin katin biki, kalanda da rigunan kamfen, hanyar da ta fi dacewa da fari ita ce ta raga: a ɗaure ƙyalle mai ƙananan huda a firam, a toshe inda ba a son tawada, a ja ta da roba ta sauka a kan kati mai duhu. Shafi ɗaya sau da yawa ba ya isa, domin fari a kan shuɗi yakan fito toka-toka. Sai ya bushe a maimaita. Ba a ɗora kati kan kati, don sama takan bushe alhali ciki da danshi, bayan na sama ya kwashe rubutun na ƙasa. Jere su ake yi ɗaya-ɗaya a kan katako ko tebur, nesa da ƙurar hunturu, wadda ta fi nunawa a fari. Idan za a buga wasu launuka a takarda mai duhu, farin ne ke fara sauka ya zama shimfiɗa. Manyan maɗaba'u na birane suna da injinan da ke taurara tawada cikin daƙiƙoƙi da fitila mai haske na musamman, amma tsadarsu da buƙatar tsayayyar wutar lantarki sun sa ƙananan shaguna suna tura irin wannan aiki Kano, su riƙe wanda iska da fanka za su iya busarwa.