Madubin Hangen Rana da Abin da Ke Tallabe da Shi

A kan dutsen Haleakala da ke tsibirin Maui a Amurka, sama da mita 3,000 daga doron teku, aka kafa na'urar hangen rana mafi girma a duniya, wadda aka raɗa wa sunan Sanata Daniel Inouye. Faɗin babban madubinta mita 4.24 ne, kaurinsa kuwa milimita 75 kacal. Da gangan aka yi shi haka, kuma kusan duk sauran ƙirar na'urar daga wannan rashin kaurin ta samo asali.

Mai duban taurari neman haske yake yi ruwa a jallo. Shi kuwa mai duban rana, hasken ne ya yi masa yawa. Madubin yana tattara zafin da ya kai kimanin kilowat 13. Shafen alminiyam da ke fuskarsa yana mayar da mafi yawansa, amma ɗan abin da gilashin ya sha ya isa ya ɗumama shi. Da zarar fuskar ta fi iskar da ke kanta zafi, sai iskar ta shiga rawa, irin kawalwainiyar da ake gani a kan kwalta da azahar, hoto ya dagule. Kamfanin Schott na Jamus ya zuba madubin da Zerodur, gilashin da kusan ba ya kumbura ko tsukewa idan zafi ya sauya. Wannan ya magance kumburi, amma bai hana iska rawa ba. Gilashi mai kauri ba ya hucewa da wuri, don haka aka rage kaurin, ana hura masa iska mai sanyi ta baya.

To, a nan gizo ke saƙar. Faifan gilashi mai nauyin kimanin tan uku, ga faɗi ga rashin kauri, ba ya iya riƙe siffarsa da kansa. Na'urar tana bin rana daga hantsi zuwa yamma, madubin yana karkata, nauyinsa yana sauya inda yake dannawa. Lanƙwasar da ido ba zai taɓa gani ba ta isa ta ɓata aiki. Saboda haka kamfanin AMOS na Beljiyam ya ƙera masa mazauni mai matokarai 118 ta baya da 24 ta gefe. Matokaran ba a kafe suke ba. Ana auna yadda haske ya karkace, kwamfuta ta ƙara wa wannan ƙarfi, ta sassauta wancan, har fuskar ta koma daidai.

Akwai kuma wata wahalar da masu ƙirar suka ɗora wa kansu. Don a iya ganin dusasshen hasken da ke kewaye da rana, ba a yarda komai ya gitta gaban madubin ba, sai aka kawar da madubi na biyu, wanda ke karɓar hasken da babban ya tattara, gefe guda. Hakan ya sa zurfin fuskar ba ɗaya ba ne ta kowane ɓangare, siffa mai wuyar gogewa da aunawa. A Jami'ar Arizona aka yi gugar.

A ganina, wanda ya yabi santsin gilashin ya bar mazauninsa, rabin aikin kawai ya gani, domin matokaran ne ke riƙe da siffar a kowane lokaci. Hotunan farko da aka fitar a Janairun 2020 sun nuna abubuwan da faɗinsu bai wuce kilomita 30 ba a fuskar rana.