Detroit Lions: Kulob Ɗin da Ake Gadon Haƙurinsa

A watan Disamban 2008, idan kyamara ta haska 'yan kallo a filin Ford Field da ke birnin Detroit, sai ka ga magidanta zaune sun kifa jakar takarda a ka, an huda mata ramuka biyu na ido. Kunya ce ta sa su rufe fuska, amma ba ta hana su sayen tikiti ba. Kulob ɗinsu, Detroit Lions, ya buga wasa 16 a kakar, aka lallasa shi a duka 16. Shi ne na farko da hakan ta faru da shi a NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, wadda suke kira ƙwallon ƙafa alhali hannu da kafaɗa ne ke yin aikin.

Da ba haka abin yake ba. Kulob ɗin ya shiga gasar a 1930 daga wani ƙaramin gari mai suna Portsmouth a jihar Ohio. A 1934 George Richards, mai gidan rediyo, ya saye shi ya dawo da shi Detroit, cibiyar ƙera motoci. Don ya jawo 'yan kallo, sai ya sa wasa a Ranar Godiya, bikin da Amurkawa ke yi a wata Alhamis ta Nuwamba, iyali su taru su ci talotalo. Dabarar ta kama. Kulob ɗin ya ci kofi a 1935, sannan a 1952 da 1953 da 1957, inda ya casa Cleveland Browns 59 da 14. Lokacin garin na da mutum kusan miliyan 1.8, kuma albashin masana'anta na riƙe gida.

Daga nan rana ta juya. A 1958 aka tura Bobby Layne, gwanin jefa ƙwallo kuma jagoran 'yan wasa, zuwa Pittsburgh Steelers a wata musaya. Mutanen gari na cewa da zai tafi ya yi musu baki, wai sai sun shekara hamsin ba su ci komai ba. Babu shaidar ya faɗi hakan, amma wanda ya daɗe yana shan kashi yana bukatar abin da zai jingina wa laifi. Ni dai na fi ganin laifin a ofis. William Clay Ford, jikan Henry Ford, ya mallaki kulob ɗin a ƙarshen 1963, ya riƙe shi har mutuwarsa a 2014, kuma an san shi da daɗewa da ma'aikaci ko da aiki ya lalace. A tsawon mulkinsa sau ɗaya tak Lions suka ci wasan sili-ɗaya-ƙwale: ranar 5 ga Janairun 1992, da suka doke Dallas Cowboys 38 da 6. Mako na gaba Washington ta kora su gida.

Mai kallon Firimiya zai ce, to me ya hana su faɗawa rukunin 'yan dagaji? A NFL babu wannan. Ko ka zo na ƙarshe shekara goma a jere, kujerarka na nan, kuma kuɗin talabijin daidai ake raba shi tsakanin kulob-kulob, don haka mai kulob ba ya jin zafin faɗuwa a aljihunsa. Sannan duk shekara, wanda ya fi kowa lalacewa shi ake fara ba zaɓin gwanin ɗan wasa daga jami'o'i. Nan tarkon yake. Kakar da ta fi muni ita ce ke haifar da sabon fata, sai magoyin baya ya ce bana ce tamu. Ga kuma wasan Ranar Godiya, wanda ya mai da goyon bayan abin gado: kaka ya kalla da ɗansa, ɗan ya kalla da jika, a falo ɗaya, a kan tebur ɗaya. Sauya kulob a irin wannan gida kamar sauya dangi ne.

Gwanaye sun zo, sun gaji. Barry Sanders, mai zillewa kamar tarwaɗa, ya yi gudun yadi 2,053 da ƙwallo a kakar 1997. A Yulin 1999, yana da shekara 31, lafiyarsa ƙalau, ya aika wa jaridar garinsu Wichita takarda ta faks cewa ya ajiye wasa. Calvin Johnson ma ya bi sahu a 2016 yana ɗan shekara 30. Tsakaninsu aka yi zamanin Matt Millen, wanda aka ɗauko daga sharhin talabijin a 2001 aka damƙa masa kulob: nasara 31, kashi 84, kafin a sallame shi a Satumban 2008. Ihun a kore shi har a wasannin da ba na ƙwallon Amurka ba an yi.

Garin ma yana cikin nasa halin. General Motors da Chrysler sun karye a 2009, birnin kansa ya bayyana fatara a 2013 da bashin kusan dala biliyan 18, kuma ƙidayar 2020 ta samu mutum bai kai 640,000 ba. Waɗanda suka zauna sun ga kansu a cikin kulob ɗin: abin dariyar ƙasa, amma na gida.

Bayan kakar 2008 suka zaɓo Matthew Stafford, wanda, abin mamaki, makarantar sakandare ɗaya suka yi da Layne a Dallas. Shekara 12 ya yi bai ci wasan sili-ɗaya-ƙwale ba. Aka musanya shi da Jared Goff na Los Angeles Rams a 2021, a kakarsa ta farko can ya ɗaga kofin Super Bowl, wasan ƙarshe na NFL. Mutanen Detroit da yawa sun taya shi murna, wasu da ƙwalla.

A 2021 ɗin ce Sheila Ford Hamp, 'yar William da kulob ɗin ya koma hannunta, ta ɗauko koci Dan Campbell. Ya fara da nasara uku kacal. Ranar 14 ga Janairun 2024, Stafford ya dawo Ford Field da rigar Rams, Lions suka doke shi 24 da 23 a wasan sili-ɗaya-ƙwale, bayan shekara 32 ana jira. Kyamara ta nuno dattawa suna kuka a kujerunsu. Mako biyu bayan haka, a gidan San Francisco, saura taki ɗaya su kai Super Bowl, wasan da ba su taɓa bugawa ba, aka tafi hutun rabin lokaci suna gaba 24 da 7. Aka tashi 34 da 31, San Francisco ce ta ci.