Amana Kafin Kyauta: Gwajin Trovan a Kano da Nauyin da ke Wuyan Kamfanoni

Muhawara kan abin da al'umma ke bin kamfani bashi ta daɗe tana gudana tsakanin masana tattalin arziki. A 1953 Howard Bowen ya wallafa littafi a Amurka yana cewa manyan 'yan kasuwa na da nauyin kula da muradun jama'ar da suke cikinta. A 1970 Milton Friedman ya mayar da martani a mujallar jaridar New York Times, inda ya dage cewa aikin kamfani shi ne ya ƙara wa masu hannun jari riba, manajan da ya ɗebi kuɗinsu ya yi alheri da su kuwa ya yi kyauta ne da dukiyar da ba tasa ba. Sau da yawa masu kafa hujja da shi kan manta da sharaɗin da shi kansa ya gindaya: a nemi ribar ba tare da yaudara ko zamba ba. Daga baya, a 1991, Archie Carroll ya jera nauyin hawa huɗu: samun riba, bin doka, kiyaye ɗa'a, sannan kyautatawa a can ƙoli.

A aikace, hawa na ƙarshen nan ne ya mamaye maganar a Nijeriya. Idan aka ce kamfani na sauke nauyin al'umma, abin da ke zuwa a rai shi ne rijiyar burtsatse, ajujuwan makaranta, tallafin karatu da buhunan shinkafa a watan azumi. Dokoki ma sun bi wannan hanya. Dokar kamfanoni ta Indiya ta 2013 ta tilasta wa manyan kamfanoni kashe kashi 2 cikin 100 na ribarsu kan ayyukan jama'a, dokar man fetur ta Nijeriya ta 2021 kuma ta ware kashi 3 cikin 100 na kuɗin gudanarwar kamfanonin haƙar mai ga al'ummomin da ake haƙa a yankinsu. Waɗannan matakai suna da amfani, amma duk suna magana ne kan yadda za a kashe riba bayan ta shigo. Tambayar da ta fi nauyi ita ce yadda aka samo ta, da kuma wanda ya ɗauki haɗarin samun ta.

Wannan ba baƙon tunani ba ne a kasuwannin ƙasar Hausa. Fiƙihun ciniki da malamai ke karantarwa a zaure ya wajabta wa mai sayarwa bayyana aibin hajarsa, ya ba mai saye damar mayar da ita idan an ɓoye masa, ya haramta algus da tauye mudu. Zakka da sadaka babi ne daban, ba su kuma wanke dukiyar da aka tara ta hanyar ha'inci. Fatake sun riƙa miƙa wa fatoma kayansu da kuɗinsu babu takarda, domin sun san ranar da ya ci amana ita ce ranar da gidansa zai daina ganin baƙi. Abin da kamfanin zamani ya sauya shi ne tazara: mai yanke shawara na iya zama a New York, wanda shawarar za ta faɗa wa kuma yana kwance a Fagge cikin Kano, ba za su taɓa haɗuwa ba. Gwajin maganin Trovan a Kano ya nuna abin da wannan tazara ke haifarwa.

A farkon 1996, zamanin mulkin soja na Janar Sani Abacha, annobar sanƙarau mafi muni da aka gani a yankin ta afka wa arewacin Nijeriya. Mutum fiye da 100,000 suka kamu, kusan 12,000 suka rasu, ga ƙyanda da kwalara suna tafe tare da ita. Asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, wanda aka fi sani da Asibitin Zana, ya cika ya batse. Ƙungiyar likitoci na-gari-na-kowa, wato MSF, tana can tana ba marasa lafiya chloramphenicol kyauta, maganin da aka daɗe ana amfani da shi a irin wannan annoba. A cikin wannan hali ne ayarin kamfanin Pfizer ya sauka da sabon magani mai suna trovafloxacin, wanda ake shirin sayarwa da sunan Trovan. Kamfanin na sa ran samun ciniki mai yawa da shi, yana kuma buƙatar shaidar cewa yana aiki kan sanƙarau a jikin yara, shaidar da ke da wuyar tarawa a Amurka saboda ƙarancin masu cutar.

An ɗauki yara kusan 200. Rabinsu aka ba su Trovan, rabi kuma ceftriaxone, maganin da aka riga aka amince da shi, domin a kwatanta. Yara 11 suka rasu, 5 daga ɓangaren Trovan, 6 daga ɗaya ɓangaren. Wasu sun rayu da kurumta, makanta, shanyewar jiki ko taɓuwar ƙwaƙwalwa. Bayan 'yan makonni ayarin ya tattara ya koma, annoba kuwa ba ta ƙare ba.

Adalci ya wajabta a faɗi matsayin kamfanin kamar yadda yake. Pfizer ya dage cewa sanƙarau ne ya kashe yaran ba magani ba, cewa kusan kashi 94 cikin 100 na waɗanda aka ba Trovan sun rayu, adadin da ya zarce na sauran majinyatan annobar, cewa gwamnatin Nijeriya ta san da aikin, kuma ma'aikatan jinya na gida sun yi wa iyaye bayani da Hausa, suka amince da baki. Gaskiya ne sanƙarau da kansa na barin irin waɗannan nakasa, babu kuma kotun da ta yanke cewa maganin ne ya yi kisan. Sai dai ko an sallama wa kamfanin duk wannan, matsalar ɗa'a na nan daram, domin ba a kan adadin mamata ta tsaya ba.

Ta tsaya ne a kan yarda. Tun ƙa'idojin Nuremberg na 1947 da sanarwar Helsinki ta 1964, tubalin binciken likitanci shi ne kada a gwada komai a jikin mutum sai ya san gwaji ne, ya san haɗarinsa, ya san yana da zaɓin ƙi. Iyayen yaran sun shaida cewa ba a gaya musu gwaji ake yi ba, ba a kuma sanar da su cewa a harabar asibitin akwai masu ba da tabbataccen magani kyauta ba. Kamfanin bai iya fito da takardun amincewa masu ɗauke da sa hannu ko dangwalen yatsa ba. Uban da ya rungumo ɗansa wuya a sanƙare, jiki na zafi, ba ya cikin halin yin ciniki da kowa. Duk wanda ya gani cikin farar riga mai ceto ne a idonsa. Irin wannan rauni na ƙara wa mai bincike nauyin bayani ne, ba ya rage masa. An kuma zargi ayarin da rage yawan ceftriaxone zuwa kusan kashi ɗaya bisa uku bayan allurar farko. Kamfanin ya ce ya yi haka ne don rage raɗaɗin allura, masu ƙara suka ce hakan ya sa sabon maganin ya fito da kyau a kwatance. Sannan an riga an san dangin magungunan da Trovan ya fito daga cikinsu na lahanta gaɓoɓin ƙananan dabbobi, abin da ya isa ya sa a yi kaffa-kaffa da yara.

Mafi muni ita ce takardar izini. An gabatar wa hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka wata wasiƙa mai kwanan watan Maris 1996, wai daga kwamitin ɗa'ar bincike na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Daga baya ta bayyana cewa asibitin ba shi da irin wannan kwamiti a lokacin, likitan Nijeriya da ya jagoranci aikin kuma ya amsa cewa an rubuta wasiƙar ne bayan an gama gwajin, aka mayar da kwanan wata baya. A nan ko ma'aunin Friedman, wanda ya fi kowa sassauci ga 'yan kasuwa, bai wanke aikin ba.

Duniya ba ta ji labarin sosai ba sai a Disamba 2000, da jaridar Washington Post ta fallasa shi. Kwamitin da gwamnatin tarayya ta kafa a ƙarƙashin Dakta Abdulsalami Nasidi ya kammala rahoto a 2001, ya ce gwajin ya saɓa wa doka, amma rahoton ya kwanta a aljihun tebur har sai da aka kwarmata shi a 2006. Shi kansa Trovan bai yi dogon zango ba: Amurka ta amince da shi ga manya a ƙarshen 1997, ta taƙaita amfani da shi a 1999 saboda lahanin da yake yi wa hanta, Tarayyar Turai kuma ta dakatar da shi a shekarar. Ba a taɓa amincewa da shi ga yara a Amurka ba.

Iyalai sun shigar da ƙara a New York a 2001. A Janairu 2009 kotun ɗaukaka ƙara ta yanke cewa gwaji a jikin mutum ba da yardarsa ba saɓa wa dokar ƙasa da ƙasa ne da za a iya saurara a kotun Amurka, hukuncin da ya zama abin nazari ga masana shari'a. A gida, gwamnatin Kano da ta tarayya sun kai ƙara a 2007. A Yuli 2009 aka yi sulhu da Kano kan dala miliyan 75: miliyan 35 ga waɗanda abin ya shafa, miliyan 30 ga ayyukan lafiya, miliyan 10 kuɗin shari'a, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Mutum fiye da 500 suka fito neman diyya, aka sa sharaɗin gwajin ƙwayoyin halitta, wanda iyalai da dama suka ɗauka a matsayin wata hanyar hana su haƙƙinsu. Sai a Agusta 2011 iyalai huɗu na farko suka karɓi dala 175,000 kowanne, shekara 15 bayan rasuwar 'ya'yansu. Cibiyar lafiya da aka gina a Kwanar Dawaki da kuɗin sulhun ta daɗe ba a cin moriyarta yadda ya kamata, sai a 2020 aka mayar da ita wurin killace masu korona.

Akwai asarar da ba ta shiga lissafin sulhun ba. A 2003 jihohin Kano, Zamfara da Kaduna suka dakatar da rigakafin shan inna bisa zargin cewa an gurɓata shi da sinadarin hana haihuwa. Zargin bai tabbata ba, dalilan ƙauracewar kuma suna da yawa: yaƙin Iraƙi, rashin jituwa tsakanin arewa da gwamnatin tarayya, da mamakin talaka cewa ana bin sa har gida da ɗigon shan inna kyauta alhali maganin zazzaɓin cizon sauro sai da kuɗi. Amma labarin Trovan ne ya ba jita-jitar ƙafar tsayuwa, domin shi abu ne da ya faru, kowa a Kano ya san asibitin. Kano ba ta dawo da rigakafin ba sai a Yuli 2004, da ɗigon rigakafin da aka sayo daga Indonesiya. Sakamakon wannan ƙauracewa, ƙwayar cutar ta bazu zuwa ƙasashe kusan 20, har Sudan da Yemen da ita kanta Indonesiya, adadin yaran da suka kamu a Nijeriya kuma ya haura 1,000 a 2006. Binciken da masana tattalin arziki Belinda Archibong da Francis Annan suka yi ya gano cewa bayan fallasar 2000 iyaye mata Musulmi sun rage kai jarirai rigakafin yau da kullum. Yaran da suka shanye a waɗannan shekaru ba su shiga gwajin kowa ba, babu kuma asusun diyyar da ya san da su.

Nan ne bambancin kyauta da haƙƙi ya fito fili. Kamfanin Pfizer na cikin manyan masu ba da tallafin magani a duniya. Tun 1998 yake raba azithromycin kyauta don yaƙi da tirakoma, ciwon idon nan mai makantarwa, Nijeriya da Nijar kuma na cikin ƙasashen da suka amfana. Wannan alheri ne na gaske, ya ceci idanu masu yawa. Amma bai biya bashin bayanin da iyayen Kano ke bi ba, tun da masu bin bashin daban, waɗanda aka yi wa kyautar daban. Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya kan kasuwanci da haƙƙin ɗan Adam, waɗanda John Ruggie ya tsara aka amince da su a 2011, sun bayyana wannan ƙarara: ayyukan alheri ba sa maye gurbin mutunta haƙƙi, kuma wajibi ne kamfani ya binciki illar aikinsa tun kafin ya fara, ya gyara ɓarna idan ta auku.

Ba kamfani kaɗai ke da laifi ba. Jami'an Nijeriya ne suka bar maganin ya shigo, likitan Nijeriya ne ya rubuta wasiƙar, gwamnatin Nijeriya ce ta danne rahoton shekara 5. An samu gyara daga baya: kundin ɗa'ar binciken lafiya na ƙasa ya fito a 2007, dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 kuma ta ba kwamitin ɗa'ar bincike na ƙasa matsayi a doka, ta wajabta samun yarda a rubuce. Maganin matsalar ba rufe ƙofa ga bincike ba ne. Allurar MenAfriVac, wadda aka gwada a ƙasashen Afirka ta Yamma bisa ƙa'ida aka fara amfani da ita a 2010, ta kusan kawar da nau'in sanƙarau da ya yi ɓarnar 1996. Abin da ya rage shi ne jami'o'i, asibitocin koyarwa, majalisun jihohi da 'yan jarida su sauya ma'aunin da suke auna kamfanoni da shi. Kafin a yaba wa kamfani kan rijiyar da ya haƙa, a nemi ganin takardun izininsa, a tabbatar an yi wa mutane bayani da harshen da suke ji, a kuma san tun farko wanda zai biya idan an cutu, da kotun da za a kai shi.