Yadda Ƙurar Ƙarfe Ta Zama Magani

In yaro ya ciro mayen ƙarfe daga tsohuwar rediyo, ya ɗaura masa zare, ya ja shi cikin yashi a bakin Gulbin Zamfara a Jega, ko a gefen hanyar Maiyama, da ya ɗaga sai ya ga wani baƙin gari ya manne masa kamar gemu. Yawancin wannan gari wata irin tama ce, watau dutsen ƙarfe, wadda maganaɗisu ke ja. Yaro ya kan share ya zubar. Amma irin wannan baƙin abu ne masana suka yi shekara fiye da hamsin suna fama da shi, har ya zama maganin da a ke ɗura wa mutum ta jijiya. Abu biyu suka ci wannan lokaci mai tsawo: sa wa ƙarfen riga, da jarraba shi.

Tun zamanin dā likitoci sun san mayen ƙarfe. Sunan nan maganaɗisu daga Larabci ya shigo Hausa, su kuwa Larabawa sun aro shi daga Yunanawa. Babban likitan nan Ibn Sina, wanda ya rasu cikin 1037, ya ce in mutum ya haɗiye garin ƙarfe a ba shi garin maganaɗisu ya sha, don ya tattara ƙarfen su fita tare. Cikin 1624 wata ungozoma a ƙasar Suwizalan, Marie Colinet, ta ciro ɓarɓashin ƙarfe daga idon wani mutum da mayen ƙarfe. Duk wannan a ciki da ido ya tsaya. Jini kuwa ba a kai gare shi ba, domin garin da ido ke gani ya yi tsakuwa da yawa. In ya shiga jijiya sai ya toshe ta, mutum ya halaka.

To, sai an sami ƙura mai ƙanƙanta ƙwarai. In aka raba milimita guda kashi miliyan, kashi ɗaya shi a ke kira nanomita. Ƙwayoyin da a ke bukata faɗinsu nanomita 10 zuwa 20 ne, sai an jera kamar ɗari biyar kafin su kai faɗin jar ƙwayar jini guda. Cikin 1949 wani masani Bafaranshe, Louis Néel, ya bayyana wani hali na ƙwayoyi masu wannan ƙanƙanta. In mayen ƙarfe na kusa sai su bi shi, in an janye shi sai su saki, kamar ba su taɓa saninsa ba. Wannan hali shi ya dace da jini, gama likita na iya kiransu inda ya ke so, in ya gama su watse.

Cikin 1957 wani likitan fiɗa a birnin Chicago na Amurka, Gilchrist, da abokan aikinsa suka yi wa karnuka allurar ƙurar ƙarfe. Ƙurar ta taru a kaluluwarsu. Sa'an nan suka sa kaluluwar cikin wata na'ura mai juya ƙarfin maganaɗisu gaba da baya da sauri, sai ƙurar ta ɗauki zafi. Nufinsu shi ne a ƙona ciwon daji daga ciki, a bar lafiyayyen nama. Dabarar ta yi kyau, amma ƙurar lokacin ba ta isa a sa wa mutum ba.

Cikasta kuwa shi ne dunƙulewa. Kowane malamin allo ya san wannan. In ya dama baƙi da ruwa zalla, ba a jima ba baƙin ya kan kwanta a gindin kurtu. Sai ya zuba ƙaro tawada ta ke zama tawada, domin ƙaro ya kan lulluɓe kowace ƙwayar baƙi ya hana ta manne wa 'yar'uwarta. Haka ƙurar ƙarfe ta ke. In tsirara ta ke sai ta cure, ta kwanta, ta yi tsatsa, jiki kuma ya ɗauke ta baƙuwa ya yi maza ya kwashe ta. Sabo da haka tilas a sa mata riga.

Cikin 1963 Steve Papell, ma'aikacin hukumar binciken sararin sama ta Amurka, ya niƙa tama kwana da kwanaki tare da wani sinadari irin wanda ke cikin man gyaɗa da man zaitun. Sinadarin ya zama riga, ya sami ruwa baƙi ƙirin mai bin mayen ƙarfe. Shi dai nufinsa jan man kumbo ne, ba magani ba. Cikin 1981 kuma René Massart a Faransa ya nuna hanyar da ta fi niƙa sauƙi. A narkar da gishirin ƙarfe iri biyu cikin ruwa, wannan kashi biyu wancan kashi ɗaya, a zuba musu wani ruwa mai kaifi dangin ruwan toka, ana motsawa. Nan take ruwan ya kan koma baƙi, ƙwayoyin sun haifu. Daga nan aka shiga neman rigar da jini zai yarda da ita. Wadda ta fi karɓuwa ita ce dakistaran, wani abu mai yauƙi da a ke samu daga sukari. Cikin 2006 da 2007 masana a Amurka da Taiwan suka gwada shi kansa ƙaron tawada a ɗakin bincike, suka ga yana hana ƙwayoyin curewa.

Bayan riga sai jarrabawa. Maɗoran Aliero, waɗanda a ke kawo musu masu karaya daga nesa, su kan lalubi ƙashi da hannu su san inda ya karye. Wannan ƙura kuwa ba ta laluɓuwa, ba ta ganuwa, sai da awo. Da fari a kan duba girmanta da madubi mai aiki da lantarki, a auna ƙarfin janta, a bar ta cikin ruwan gishiri a ga ko za ta kwanta. Sa'an nan a zuba ta kan ƙwayoyin nama masu rai cikin faranti, a ƙidaya nawa suka mutu. In ta tsallake, a gwada ta ga ɓeraye, a bi sawunta zuwa hanta da saifa. Kāna a gwada ga mutane kaɗan da yardarsu, daga baya ga masu yawa.

Ba duk abin da ya shiga wannan hanya ya fita ba. Cikin 1996 likitoci a Berlin ta Jamus suka ɗora maganin ciwon daji a kan ƙurar, suka ɗura wa majinyata 14, suka aza mayen ƙarfe bisa ciwon. Ga kamar rabinsu ne kaɗai aka ga ƙurar ta taru inda a ke so. A wannan shekara Amurka ta yarda da Feridex, mai sa hoton hanta ya fito sarai, amma cikin 2008 aka daina yinsa. Cikin 2010 Turai ta yarda da NanoTherm, mai gasa ciwon dajin ƙwaƙwalwa bisa dabarar Gilchrist, shekara 53 bayan karnukan Chicago, sai dai kamfanin ya karye cikin 2022. Cikin 2009 aka yarda da Feraheme don masu ciwon ƙoda da jininsu ya yi ƙaranci, gama jiki ya kan tuɓe rigar ya gina jini da ƙarfen. Ko shi ma, cikin 2015 hukuma ta tsananta gargaɗi a kansa, domin jikin waɗansu ya ƙi shi har an yi hasarar rayuka. Da annobar korona ta zo cikin 2020, ɗakunan gwaji da yawa da irin waɗannan ƙwayoyi suka riƙa kamo alamar cutar daga majinar mutane.

Cikin 2006 gwamnatin Jihar Kebbi ta kafa jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero, a Jega kuma akwai makarantar horad da ma'aikatan lafiya. Watau ilmin da a ke wannan aiki da shi ya zo har ƙofar gida. Ɗalibin da ya sami kayan aiki yana iya haɗa baƙin ruwan nan cikin yini guda. Amma tabbatad da cewa ba zai cuci mai ciwo ba ya kan ci shekaru, kuma nan ne aikin ya ke. Sabo da haka in wani ya zo kasuwa da baƙin gari, ya nuna mayen ƙarfe na jansa, ya ce magani ne, sai a tambaye shi wace riga aka sa masa, ina aka jarraba shi, wace hukuma ta yarda da shi. In ba shi da amsa, abin da ke hannunsa bai fi abin da yaro ya share ya zubar a bakin gulbi ba.